Ina Tsoron In Ƙare Kamar Iliya

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Shugaban ma'aikatarmu,
Maraɗi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da dukan waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka. Allah ya ƙara maka lafiya da haƙurin jama'a.

Sunana Mamman Lawali, ko da yake a ma'aikata ba mai kira na da shi, Shufer kawai ake ce mini. Ni ne direban farar motar da ke kai masu allurar rigakafi ƙauyuka. Shekarata talatin da ɗaya a wannan aiki. Ka san fuskata, don sau biyu na kai ka Yamai lokacin da direbanka ba shi da lafiya. Saura wata huɗu in yi ritaya.

Na rubuto maka sau biyu ta hannun sakatariya, ban samu amsa ba. Wataƙila takardun ba su iso teburinka ba. Shi ya sa na fito da wannan a fili, ba don in zubar maka da girma ba. Kuma tun farko in faɗa, ba maganar fansho ce ta kawo ni ba, takarduna na kan hanya. Tsoro ne ya kawo ni, kuma ma'aikata tana da hannu a cikinsa.

Na ɗaya: yadda aka sanar da ni.

Na daɗe da sanin ranar za ta zo, ba wanda ya ɓoye mini shekaruna. Amma ina cikin wanke mota a garaji ɗan aike ya miƙo mini takardar ritaya, ya ce in sa hannu. Na goge hannuna a riga na sa. Layi huɗu ne a cikinta. Ba wanda ya kira ni biro, wato ofis, ya ce in zauna. Ba wanda ya tambaye ni abin da na shirya. Na ninke ta na sa a aljihu, na ƙarasa wanke motar.

Na biyu: makulli.

Mako guda bayan haka shef na garaji, wato shugabanmu a can, ya ce in miƙa makullin motar ga sabon direba, wai in huta kafin lokaci ya yi. Ranka ya daɗe, ban ce na gaji ba. An gwada idona bara, lafiya lau yake. A shekara talatin da ɗaya ban taɓa kaɗe ko akuya ba. Yanzu nakan zo da safe in sa hannu, in zauna a kan tsohuwar taya a garaji har a tashi. Motar takan fita a gabana, ta dawo a gabana.

A makon da aka yi ruwa mai yawa, an tura su wani ƙauye can bayan Jiratawa. Akwai ƙorama a hanyar, wadda ba a shiga ta inda sawun amalanke yake, sai an gangara wajen wata tsamiya inda ƙasa ke da tauri. Sabon direban bai sani ba. Motar ta kafe tun hantsi har la'asar. Ƙanƙarar akwatin allura ta narke, allurar ta lalace, matan da suka goyo ƴaƴansu tun safe suka koma gida haka nan. Ban ga laifinsa ba, mutumin kirki ne kuma ya iya tuƙi. Hanyar ce bai sani ba, ni kuwa da na san ta ina zaune a kan taya. Da an bar ni na zauna a gefensa, da kalma biyu ta isa.

Na uku, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami: Iliya.

Iliya mutumin Tsibiri ne, direba ne a nan kafin ni. Shi ya koya mini hanyoyin daji lokacin da aka ɗauke ni. Shi Kirista, ni Musulmi. In muna tafiya lokacin salla ya yi, shi ke fara neman inuwar da za mu tsaya. Shekara uku ke nan da ya yi ritaya.

Bayan ya ajiye aiki bai daina zuwa ba. Kullum da safe yakan sa kakinsa a goge, ya hau kabu-kabu daga Tsibiri, ya zo ya zauna a bencin da ke bakin ƙofa kusa da mai gadi. Ba ya roƙon kowa komai, ba ya shiga biro. Yana gaisawa da mutane ne kawai. In mota ta fita yakan saurari ƙarar injin, in ta dawo ya kira direban ya ce a duba abu kaza, kuma sau da yawa yadda ya faɗa haka ake tararwa. Da azahar ya koma gida. Sama da shekara guda yana haka.

Sai aka ce manyan baƙi za su zo daga Yamai. Takarda ta fito daga biro ɗinka, da sa hannunka, cewa duk wanda ba ma'aikaci ba ne kada ya ƙara zama a bakin ƙofa. Ba a ambaci suna ba, amma mutum ɗaya ne ke zama a wurin. Mai gadi ya ce shi ba zai iya faɗa masa ba. Shef na garaji ya ce tunda ni ne abokinsa, ni zan faɗa.

Na faɗa masa, ranka ya daɗe. Na zauna kusa da shi na yi ta kewaye-kewaye, har shi da kansa ya gane. Ya dube ni ya ce, “To, Mamman, na ji. Ba laifinka ba ne, aiko ka aka yi.” Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa, ya yi wa mai gadi sallama, ya tafi a ƙasa har bakin titi. Washegari aka ɗauke bencin. Baƙin sun zo sun yi kwana biyu sun koma. Bencin bai dawo ba, Iliya ma bai dawo ba.

Kunya ta hana ni zuwa wurinsa har wata biyu. Da na je, na tarar da shi a zaure, sanye da kakin nan, yana zaune shi kaɗai. Matarsa Saratu ta ja ni gefe ta ce haka yake kullum: ya tashi, ya yi wanka, ya sa kaya, ya zauna. Yana da gonar hatsi, amma ƴaƴansa ke noma ta tun yana aiki, in ya je ba abin da suke bari ya taɓa. Ya daina zuwa majami'a, shi da yake cikin masu waƙa. Na yi masa hirar motoci, yana amsawa da kai. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, “Yau wace rana ce?” Na ce Talata. Ya ce, “Talata da can Jiratawa muke zuwa.”

Na koma sau huɗu bayan wannan. A zuwan ƙarshe bai gane ni ba sai da Saratu ta faɗa masa sunana. Ya rasu kafin a yanke hatsi. Likita ya ce hawan jini ne.

Ban ce kai ka kashe shi ba, Allah ya tsare bakina. Kwanansa ne ya ƙare. Na kuma yarda ba ka san shi ba sosai, domin ka zo ya riga ya ajiye aiki. Amma na ga mutumin kafin takardar nan, na gan shi bayanta, kuma bakina ne ya kai masa saƙon. Ranar jana'izarsa na roƙi a ba mu mota ma'aikata su je, aka ce ba ya cikin ma'aikata yanzu. Ni da mai gadi muka hau kabu-kabu ɗaya. Mutumin da ya tuƙa motocin gidan nan shekara talatin da biyar, mu biyu muka tsaya masa.

Na huɗu: halin da nake ciki.

Ban saba faɗin irin wannan ba, amma zan faɗa. Ina jin tsoro. Tun ranar da aka karɓi makulli abinci ba ya shiga mini. Malamar da muke fita rigakafi da ita ta auna jinina, ta sake aunawa, sannan ta ce in je in ga likita.

Mutane suna ba ni shawara, kuma na san don alheri suke yi. Wani ya ce in koma gona. Na bar gona ina ɗan shekara goma sha bakwai, ƙannena ke noma ta, kuma na ga yadda gona ta yi wa Iliya. Wani ya ce in buɗe shago. Ban taɓa sayar da ko ashana ba. Wani ya ce ai lokacin ibada ne ya zo. Gaskiya ne, kuma ina roƙon Allah ya ba ni iko. Amma tsakanin asuba da azahar akwai sa'o'i masu yawa, ban san abin da zan sa a cikinsu ba.

Na gwada. Watan jiya na ɗauki hutun mako guda don in ga yadda abin zai kasance. A unguwarmu ta Zariya akwai dattawan da ke zama a gindin bedi kusa da masallaci. Na je na zauna. Sun karɓe ni hannu biyu, amma hirarsu ta shekara ashirin ce, ni kuwa duk shekarun nan ina kan hanya. Suna ambaton mutanen da ban sani ba, suna dariyar abin da ban gane ba. Na koma gida, na tarar gidan ma yana da tsarinsa wanda aka yi ba da ni ba. Duk inda na zauna, wurin shanya ne ko wurin daka. Maiɗakina sai dai ta riƙa kewaye ni. A rana ta huɗu na katse hutun na dawo garaji, na zauna a kan tayata.

Abin da ya fi razana ni ya faru Asabar ɗin da ta wuce. Na tashi na yi wanka, na sa kaki, na fito na tari kabu-kabu. Sai da muka iso na ga ƙofa a rufe, sannan na tuna ba ranar aiki ba ce. Mai gadi ya leƙo ya gan ni. Shi ne mutumin da muka je Tsibiri tare. Na san abin da ya tuna. Na juya na kama hanyar gida. Yanzu ma da sauran wata huɗu ke nan. Ina tsoron ranar da zan zo haka, a aiko wani abokina ya faɗa mini abin da na faɗa wa Iliya.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo.

1. A bar ni in riƙa fita da sabon direba a watannin da suka rage. Ban ce a mayar mini da makulli ba. Shi ya tuƙa, ni in zauna a gefe in nuna masa inda ake ƙetare ruwa, da ƙauyen da ba a shiga sai an fara gaida mai gari, da rijiyar da ruwanta ke shayuwa. Abubuwan nan ba su cikin kowace takarda.

2. A janye takardar da ta hana tsofaffin ma'aikata zama a bakin ƙofa, a mayar da bencin. In baƙi za su zo, a faɗa mana, za mu ba da wuri na kwana biyu.

3. Duk wanda ritayarsa ta matso, a kira shi tun da sauran shekara, a zauna da shi, a tambaye shi abin da ya shirya da abin da yake tsoro. Akwai mutum huɗu a bayana waɗanda nasu lokacin ya kusa. Ba su yi magana ba, amma ina ganin yadda suke kallona a garaji.

4. In ana neman mai rakiya lokacin babban zagayen rigakafi, a tuna da mu kafin a nemo baƙo. Ko sau biyu a shekara ne, mutum ya san akwai ranar da ake jiransa.

5. Ka aika wani, ko ka je da kanka, a yi wa Saratu gaisuwa da sunan ma'aikata. An makara, amma tana nan a Tsibiri, kuma ni zan nuna gidan.

Kafin in aiko da wannan wasiƙa na karanta wa maiɗakina Hajara. Shekararmu talatin tare, ban taɓa ce mata ina tsoron wani abu ba. Na yi zaton za ta ce in yaga, kada in ja wa kaina magana a ƙarshen aiki. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce ita ma tun ranar da takardar ritayar ta zo take cikin fargaba, ta ɓoye ne don kada ta ƙara mini. Ta ce duk safiya in na fita takan tsaya a bakin ƙofa ta ƙirga kwanakin da suka rage, kuma ba ta san yadda za ta riƙe ni ba in na fara zama shiru. Ta ce, “Ka ƙara a ciki cewa ba kai kaɗai ke roƙo ba, har da ni.” Ga shi na ƙara.

In na faɗi abin da ya ɓata maka rai, ka yafe mini. Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci ga na ƙasa da kai. Allah ya kai ka ranar taka ritayar da lafiya da hankali, ya sa ka tarar da mutanen da ke jiranka a gida da waje. Allah ya sa mu gama lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Mamman Lawali, direba,
Unguwar Zariya, Maraɗi.