Jirage Bakwai a Bangon Tsohuwa

Zuwa ga matata, abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Yara lafiya lau, sai dai sun ce girkina ya ishe su.

Wani abu ne ya hana ni sukuni. Ranar Litinin wani dattijo ya shigo shago da abu naɗe cikin bargo, ya ce shi direba ne. Da ya warware, sai da na zauna. Tsohon zane ne na tseren jiragen ruwa, irin masu farin ƙyalle da iska ke turawa. Jirage bakwai ne, teku ya yi baƙi, na gaba ya karkata kamar zai kife. Kin san shekara ashirin ina kwafar irinsa daga littafi, amma ban taɓa riƙe na asali ba.

Kwafi yake so, amma har da tsagewar fenti da tabon ruwan da ke kusurwa. Kuma kada in buga hatimin da nake sawa a baya, mai nuna kwafi ne. Na tambaye shi wa ke da zanen, ya ce ba a ba shi izinin faɗa ba. Yana magana yana waiwayen ƙofa.

Na karɓa, don hannuna ya ƙi sakin zanen. Amma wa ke son kwafi mara hatimi in ba mai shirin musanya ba? Ina jin gidan maigidansa zai yashe, ni kuma in zama abokin sata.

Ki gaishe da Inna da Kawu.

Mijinki,
Mai Buroshi

Zuwa ga matata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da Inna ta fara takawa. Na kuma ji faɗanki, kin fi ni gaskiya.

Jiya direban ya zo duba aiki. Da ya tafi na hau babur na bi shi har wani babban gida da fentinsa ya koɗe. Na yi sallama na shiga. A falo na tarar da wata tsohuwa a keken guragu. Bangon duk shaidar wuraren da aka cire abubuwa, ƙusoshi kawai suka rage.

Na faɗa mata abin da ya kawo ni, direban yana tsaye kamar ya nutse. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, “Ɗana, ni na aike shi.”

Ashe mai yashe gidan ba direban ba ne, ɗanta ne, shi kaɗai ta haifa. Duk zuwan da zai yi gaishe ta, sai wani abu ya ɓace: agogon bango, darduma, har akwatin littattafan mahaifinsa. Ta kasa yi masa magana, ta kasa kai ƙararsa. Zanen nan ne ya rage. Ta ce ita da marigayi mijinta kowa da jirginsa a ciki, shekara arba'in suna gardamar wanda zai ci tseren. Tana so ta ɓoye na asalin, ta rataya nawa.

Na ce in ya ɗauka ya sayar, wani bawan Allah za a cuta da hannuna. Zan buga hatimi a ƙarƙashin katakon da ya zagaye zanen, inda sai an kwance za a gani, in ba haka ba in ajiye aikin. A ƙarshe ta yarda.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Bakinta kawai na ji. Wa ya sani ko akwai wasu magada da take so ta zagaye? Yanzu kowa na gani sai in zarge shi.

Naki,
Mai Buroshi

Zuwa ga matata,

Ina gaisuwa, ina kewarki. Allah ya sa jikin Inna ya ci gaba da kyau.

Wata biyu ke nan da na miƙa aikin. Yau da hantsi wani mutum mai furfura a gemu ya shigo rungume da zane. Kallo ɗaya na gane hannuna. Shi ma na gane shi, don idanun tsohuwar ne a fuskarsa. Ya ce zanen gadonsa ne, ya samu mai saye, amma mai sayen ya ce sai masani ya tabbatar. Aka kwatanta masa shagona.

Wallahi na yi tunanin in ce ban san komai ba. In na faɗi gaskiya na tona asirin tsohuwa, in na yi ƙarya na cuci mai saye. Na ɗauko sukudireba na kwance katakon, na juya masa hatimin.

“Ni na zana shi,” na ce.

Na ɗauka zai yi ihu ko ya ci kwalata. Sai ya nemi kujera ya zauna. Can ya ce, “Ita ta sa ka?”

Na ce ita ce.

“Ke nan ta sani. Tun yaushe?”

Na ce tun agogo.

Ya rufe fuska da hannu biyu, babban mutum, yana kuka a gaban gwangwanayen fentina. Ban rarrashe shi ba, ban kuma kore shi ba. Da ya natsu ya roƙe ni in mayar da katakon yadda yake. Na mayar, ya ɗauka ya fita.

Da la'asar direban ya biyo. Ya ce zanen ya koma kan ƙusarsa, ya baro uwa da ɗa suna zaune a ƙarƙashinsa. Na tambaye shi ko za ta fito da na asalin yanzu. Ya girgiza kai, ya ce ta ce tukuna.

Ki dawo da wuri, don Allah.

Mijinki,
Mai Buroshi