Hannun Doming Ya Fara Rawa

'Yata Luningning,

Gaisuwa daga Manila, maƙwabcina ke rubuta min. Ya jikokina? Ni lafiya lau.

A wurin aikinmu na ɗaukar fim sun kawo rigar ƙarfe mai riƙe kyamara, na ƙi sawa. Ɗauka a kafaɗa marigayi maigidana ya koya min: ka manna hannu a haƙarƙari, ka riƙe numfashi.

Jiya muna ɗaukar wani wuri mai ban tsoro, hoton ya yi rawa. Darakta ya tafa, har da kira na Mang don girmamawa: “Mang Doming, tsoho da dabara! Haka tsoro yake!”

Ban faɗa masa hannun ke yi da kansa ba. Yatsun ma na daina jin su. Jibi biki za mu ɗauka, can ba a son hoto ya yi rawa.

Ki aiko min man kwakwa na shafawa. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Doming