Madubin Alhaji da Idon Hasbiya

Zuwa ga Malama Saratu, mai wannan fili.

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni. Maigida lafiyarsa ƙalau in ban da ƙafar nan tasa. A cikin yara, Lami ta warke daga ƙyanda, Husaina kuma ta soma tari. Uwar mijina lafiya lau, tana ci tana faɗa. Ni ce ba ni da lafiya, kuma ba ciwon asibiti ba ne. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na yi jika na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Ina da ɗan fari, ba zan faɗi sunansa ba ko da alƙalami ne. Yana aiki a ofishin gandun daji. Baturen da ke kansa da zai koma gida ya bar masa madubin hangen nesa mai ido biyu, ya kuma bar masa cutar kallon tsuntsaye. Ba ya harbi, bai taɓa kawo ko kurciya a sa a miya ba. Kallo kawai, ya dawo yana murmushi.

Yana neman Hadiza, 'yar Alhaji Lawan na Babban Giji, ita ma tana sonsa. An kai kaya, sa rana ya rage. Ashe Alhaji ma yana da irin madubin, a Jidda ya saya. Akwai wani abin murɗawa a tsakiyarsa. Mai kantin ya murɗa masa har ya hango jirgin ruwa can cikin teku, da mutane suna shanya a kai. Tun ranar Alhaji ya ce an saita shi a ƙasa mai tsarki, kada wanda ya taɓa wurin. Da shi yake duba tsuntsayen da ke cin masa gero a gonarsa ta bayan Tarauni.

Ran nan yaron ya je gaisuwa, ya tarar Alhaji yana duba hasbiya a kan tsamiya, yana cewa curin auduga ne kawai, ba wuya ba ido. Yaron ya ɗora nasa, ya ce ga jan nan kewaye da idonta, ga ɗige-ɗigen fari a fiffike. Alhaji ya ce tsuntsayen Kano a madubi haka suke dishi-dishi, na Bature ne ke ƙara ado don a saya. Maimakon yaron ya yi shiru, sai ya ce a gwada. Alhaji ya ce ba zai sa rana ba sai an san madubin da ke ƙarya, domin ba zai ba da 'yarsa ga mai ganin abin da babu ba.

Dattawa suka ce ni zan raba gardama. Wai ni ke zura wa duk layinmu zare a allura, kuma ba wanda ya taɓa jin na yabi yaron nan, balle in goya masa baya. Aka kawo mini madubin biyu na sa a kwalla. Za a yi hukunci Lahadin da ke bayan bikin Takutaha, a gindin tsamiyar.

Malama, ni ba na iya ajiye kayan mutane da ƙura. Na sa bakin zane ina goge na Alhaji, sai na ji abin nan na tsakiya ya murɗe. Na yi salati. Na kai ido in ga ko ya lalace, ga hasbiya a kan kwanon maƙwabta. Wallahi na ga jan idonta tar, na ga ɗige-ɗigen, har wani ƙaiƙayi da ya maƙale mata a baki. Na ɗauki na yaron. A tsakiya yana nunawa garau, amma da tsuntsuwar ta matsa gefe sai gashinta ya cakuɗe, wani shuɗi ya fito a jikinta kamar zanen da ya zuba. Na gwada da balbela, na gwada da cilakowa, duk haka. Na Alhaji ya fi.

To amma in Alhaji ya duba ya ga tsuntsayen Kano sun yi wuya da ido, zai san an taɓa. Na so in mayar da shi yadda yake, ga shi ba teku a Kano. Na sa ƙwarya a kududdufi a madadin jirgi, na ja da baya ina murɗawa. Na gwada da jirgin sama, ya wuce kafin in same shi. Tuwo ya ƙone mini, maƙwabta kuma sun fara ɗaura tabarma a kan katanga don kada in leƙe su.

In na ce na yaron ya fi, na yi ƙarya, na kuma yabi ɗan fari a gaban jama'a. In na ce na Alhaji, asirina ya tonu, auren ya tafi. Shin a ina ake samun jirgin ruwa kusa? Ki amsa mini kafin Takutaha, don Allah, kada ta iso ina haka.

Wata uwa, Gyadi-Gyadi.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Rubutunki ya karantu sarai. Ki daina neman teku.

Ba ki ɓata komai ba. Abin nan don murɗawa aka yi shi, kamar na rediyo. Abu na nesa da saitinsa, na kusa da nasa, kuma idon kowa daban. Mai kanti ya nuna wa Alhaji jirgi ne domin shi ke gabansa.

Alhaji bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa, kuma girmama abin da ya fito daga can ba aibi ba ne. Ɗanki ma gaskiya ya gani, sai dai ba a cewa suruki a gwada. Ki sa maigida ya ja masa kunne.

Kada ki bari Alhaji ya gano a gaban jama'a. Ki je wurin mahaifiyar Hadiza tun kafin ranar, ki faɗa mata yadda aka yi, ita ta san lokacin da mijinta ke sauraro. Ki fara da cewa nasa ya fi, sannan zancen bakin zane ya biyo.

Ran Lahadi ku je da safe, rana tana bayanku. Mai dubawa ya dafa gwiwar hannu a kan katanga, ya murɗa da kansa har abu ya fito. A duba tsuntsu ɗaya daga wuri ɗaya, a tsakiyar madubi da gefensa. In hasbiya ta tashi, ku manna wannan shafi a jikin tsamiya, madubin da ya karanta ƙananan baƙaƙe daga nesa shi ya ci.

Sannan ki faɗi abin da kika gani. Kin yi gaskiya, kin kuma kayar da ɗan farinki a bainar jama'a, ba mai cewa ba ki da kunya. Shi ya sha kaye ya sami mata. Alhaji kuwa, ranar da ya ga jan idon hasbiya da madubinsa, ba na jin zai nemi a mayar da shi Jidda.

A kai Husaina asibiti. Allah ya sa a sa rana lafiya, ya ba maƙwabtanki ikon sauke tabarmarsu.

Malama Saratu.