Jan Ɗigon Farfesa

Yaya Afiniki,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya ƙafar Mama? Kun gama tonon citta? Ki gaishe min da 'yan kwaya.

Ni lafiya lau, kada ki damu. Sai dai na bar ɗakin bincike.

Kin san aikina, kwatanta hotunan ƙwaƙwalwar mutane ta lissafi. Farfesanmu ya kawo na baƙin haure goma sha biyar da na 'yan ƙasa goma sha biyar, wai zai nuna ƙwaƙwalwar baƙi daban take. Wuri dubu arba'in ake gwadawa a kowane kai, inda aka ga bambanci kwamfuta ta sa jan ɗigo. Yaya, a wuri dubu arba'in dole wasu su bambanta bisa sa'a kawai. Da na yi gyaran da ke tace irin wannan, jan ya ɓace kaf.

Ya ce, "Yemima, cire gyaran nan. Hoton ya fi kyau da ja."

Tsoho da furfura, takardun yabo cike da bango! Sai na jefa kwabo na raba mutum talatin ɗin gida biyu, baƙi da 'yan ƙasa a cakuɗe, na gwada yadda yake so. Ja ya fito baja-baja. Na ajiye masa a tebur. Washegari katina na shiga ɗakin bincike ya ƙi buɗe ƙofa.

Yanzu wanke-wanke nake yi a gidan abinci, kafin Allah ya buɗe hanya. Kada Mama ta ji. Ki aiko min da yaji. Hannuwana sun ɗan tsage, amma a nan idan na ce kwano ya fita, to ya fita.

Ƙanwarki,
Yemima