Filin Yaya Shitu

Litinin, 5 ga Mayu 2025

Madam Ronke, shugabar sashenmu na tsabtar muhalli, ta kira ni ofis. Ƙaramar hukuma za ta fara sabon tsari: kowane gida buhu biyu, ɗaya na robobi da gwangwani, ɗaya na ragowar abinci, don a rage abin da motoci ke kai wa babbar bola, wai ta cika. Za a gina rumfar tantance shara. Ni zan yi tafinta wa 'yan bola, tunda ni kaɗai ce Bahaushiya a sashen.

Sai ta nuna inda za a yi rumfar. Bakin layin dogo. Filin Yaya Shitu.

Ba ta san yayana ba ne. Ban faɗa ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Mun je filin. Yaya na kan sikeli yana auna ƙarafa, yaransa sun jera kurayensu na tura kaya suna jira. Yawancinsu daga ƙauyukan Jigawa, ba Turanci ba Yarbanci. Madam ta ce tare za a yi aikin, ba wanda zai rasa abincinsa. Na mayar da Hausa, suka yi ta gyaɗa kai. Yaya har lemo ya aika aka sayo mata.

A mota, muna dawowa, ta ce wa injiniyan da muka je da shi, da Yarbanci, an riga an yi maganar katafilar da za ta share filin, ƙarshen wata. Rumfar wani kamfani za a ba, da ma'aikatansa zai zo. Sai ta waiwayo ta ce, Nuriyya, wannan maganar ta cikin mota ce.

Asabar, 10 ga Mayu

Yaya ya zo gaida Inna. Murna yake, wai zai sayi sabon kwano ya rufe wajen kwalaye kafin ruwa ya yi ƙarfi, kada gwamnati ta zo ta same su a hargitse. Na ce ya ɗan dakata tukuna. Ya tambaye ni dalili, na ce kwano ya yi tsada.



Laraba, 14 ga Mayu

Ya sayi kwanon.

Alhamis, 15 ga Mayu

Abin haushin, tsarin ba shi da laifi. Yau ruwan awa ɗaya aka yi, kwatar layinmu ta toshe da ledar fiya wata, ruwa har cikin ɗakin Inna. Ni na kwashe da bokiti. Dole a yi wani abu, na sani. Amma su wa ke tsince robobin nan tun kafin a san sunan tsarin?

In na faɗa wa Yaya aka kore ni fa? Shekara nawa na yi ina zirga-zirga kafin in samu aikin nan. Maganin hawan jinin Inna ma a kaina yake.

Litinin, 19 ga Mayu

Taron jama'a a sakatariya. Masu unguwanni, matan kasuwa, kansila, 'yan bola a can baya a tsaye. Ina gefen tebur da makirufo.

Yaya ya miƙe. Yana jin Yarbanci sarai, amma da Hausa ya yi, don yaransa su ji. Ni ya kalla.

"Nuriyya, tambayar mana ita. Za a tashe mu ko ba za a tashe mu ba?"

Na tambaya. Madam ta yi murmushi ta ce babu wannan maganar a yanzu. Na fassara yadda ta faɗa. Yaya bai zauna ba.

"Ke fa, me kika sani?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na faɗi katafila, na faɗi kamfani, na faɗi ƙarshen wata. Da Hausa, sannan na maimaita da Yarbanci don kada a ce na ɓoye. Zauren ya kaure. Wata mai sayar da barkono ta miƙe ta ce in an kori mutanen nan wa zai shiga lungunsu, inda mota ba ta shiga? Kansila ya ɗage taron.

Madam ba ta kalle ni ba. Yaya ma haka.

Juma'a, 23 ga Mayu

An cire ni daga ofis, an mayar da ni rabon buhuna gida gida. Ba a kore ni ba, tukuna. Yaya ya aiko wa Inna cewa tun ranar takwas ga wata na sani na bar shi ya sayi kwano. Gaskiya ya faɗa.

Laraba, 28 ga Mayu

An dakatar da katafila. Ba a fasa ba, an dakatar. Kansila ya ce 'yan bola su kafa ƙungiya su zo a zauna da kamfanin, ko a ba su aikin lunguna da rabin filin. Madam ta ce a nemo wani tafinta. Yaya ya ce in ba ni ba ba za su zauna ba. Da aka zo zaman yau, kujera kawai ya ja mini a ɓangarensu.

Zaman ya yi zafi, ba a gama ba, sai jibi. Manajan kamfanin ya tsayar da ni sau biyu, wai in daina cewa filinmu, in ce filinsu, ni ma'aikaciyar hukuma ce.

Na ce to. Ban ma san ina faɗa ba.

Ina jin na sake faɗa bayan nan.