Shanunki Uku da Na Mayar Hannun Jari

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da addu'a, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Balkisu, autarki mai taurin kai, kuma da laifi na zo. Shanu ukun da kika bar mini a rugar Jauro Buba, na sayar da su shekara biyu da suka wuce. Na sayi hannun jari a wani kamfani na birnin Duwala mai juya wa mutane dukiya. Na san da kina nan cewa za ki yi, "Dukiyar da ba ta da kofato, ta ina za a bi sawunta?"

Ɓarayin shanu ne suka addabi daji, Inna. Kuma ke kika ce jar karsanar da ke cikinsu ta karatun jikarki Hadiza ce. Tsoro na ji kada a wayi gari ba karsana, ba karatu.

Kin tuna yadda kike zuwa duba su bayan kowace babbar salla, da kanwa da goro a bakin zane? Ni ma ranar da na fara zuwa banki nan Garwa duba nawa, goro na kai wa ma'aikacin. Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma fa ya karɓe.

Bana farashin ya faɗi. Yaya Hamadu ya taso daga mahauta ko riga bai sake ba, wai in sayar tun da sauran abin sayarwa. Wallahi hankalina ya tashi, har na yafa mayafi zan tafi banki in sayar. A bakin ƙofa na tuna ranar da dillali ya taya baƙar saniyarki da rani, haƙarƙari duk a waje. Kika buɗe bakinta kika duba haƙora, kika ce, "Ramar rani ce, damina na tafe."

Sai na koma ciki na zauna duba haƙoran kamfanin. Hadiza tana karanta rahotonsu na shekara tana fassara mini Faransancin, ni ina jero tambaya kamar alƙali. Ina suka zuba kuɗin mutane? Akwai giya ko caca a ciki? Bashi ya yi musu katutu? Kwana uku muka yi, har yarinyar ta fara ɓuya in ta ga na ɗauko takardun. Ramar rani ce, Inna. Ban sayar ba.

Watan jiya rabon riba ya shigo. Ba yawa, amma ya biya rajistar Hadiza a jami'ar Maruwa, har da kuɗin mota. Yaya ya ce sa'a ce kawai, na ƙyale shi. Farashin bai gama farfaɗowa ba, sai dai jira a wurinki na koye shi.

Jiya ta tafi, ɗaure da ɗankwalinki. Na tsaya a tasha ina kuka ba kunya, don ke na so ki gani. Jar karsanarki ta yi aikin da kika sa ta.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ya sada mu a Aljanna.

Autarki,
Balkisu