Roƙon Rai Domin Zakaran Inna

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Shirin Musayar Zakaru.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Mai rubuto maka manomi ne a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo, uban 'ya'ya shida. Ka yi haƙuri da rubutuna. Na shiga yaƙi da jahilci, amma ni da jahilcin kunnen doki muka yi.

Na farko, godiya. Tun da fari ya share mana garke, ba wanda ya tuna da talakan da dukiyarsa ke kwana a akurki sai kai. Ka zo da kanka cikin rana, ka tsuguna ka yi wa kajinmu allura, ka sha ruwan rijiyarmu ba ka yamutsa fuska ba. Sannan ka ce kowa ya kawo zakaransa na Hausa a ba shi jan zakaran Turawa. Ni ne na fara shiga layi. Da na rungumo nawa zuwa gida, tafiyata ma ta sake. Ƙato ne, ƙirji kamar na ɗan dambe, in ya yi cara har ladan yana cewa ya sami na'ibi. 'Ya'yansa kuwa ga girma ga ƙwai. Wannan gaskiya ce, ba zan ɓoye ta ba.

Na biyu, ga inda gizo ke saƙar. A gidanmu kowane yaro da kaza ake fara masa kiwo, kaza ta zama akuya, akuya ta zama saniya. 'Yata Ladi ta sami tata daga hannun kakarta. Kazar ta ƙyanƙyashe wa jan zakara 'ya'ya kyawawa. Ran da shirwa ta zo, uwar ta yi kukan nan da kowane ɗan tsakon Hausa ya san ma'anarsa tun yana cikin ƙwai, ta faɗa ƙarƙashin rumbu. Su kuwa suka tsaya tsakar gida suna ɗaga kai, kamar 'yan makaranta sun ga jirgin sama. Shirwa ba ta taɓa samun kasuwa irin wannan ba. Waɗanda suka tsira, bazara ta zo suka buɗe baki suna haki, sai an kai su gindin randa. 'Yan matan cikinsu da suka girma, ƙwai kam suna zubawa, amma kwanci sun ce ba aikinsu ba ne. To, Ranka ya daɗe, kazar da ba ta kwanci, wa zai gaje ta? Ni dai na gwada lissafi, ban ga yadda zan hau ƙwan da kaina ba.

Na uku, jajayen da kuka rabar duk daga gida ɗaya suka fito. Yanzu kajin garinmu kaf dangi ne na kusa, wa yana bin ƙanwa. Ciwo in ya kama ɗaya, sai ya bi su gida-gida kamar mai karɓar haraji. Da can kowane gida da irinsa: wake-wake, fingi, mai tukku. In annoba ta ɗebi wasu, wasu sun tsaya.

Na huɗu, wanda shi ne dalilin wannan takarda. Zakaran Hausa ɗaya tak ya rage mana, na mahaifiyata. Ran musaya Inna ta kife shi da ƙwarya ta zauna kusa tana kaɗi, ma'aikatanka suka gaishe ta suka wuce. Ƙarami ne, baƙi, wutsiyarsa ma ba ta cika ba. Amma ya tsallake farin nan da cin ƙwari da gara, ba wanda ya ba shi ko tsaba. Shekarun da kakanninsa suka yi suna koyon ranar ƙasar nan da shirwarta, duk suna cikin jininsa, kuma wannan karatu ba a sayo shi a buhun dusa. An ce ranar kasuwa mai zuwa za a dawo a kwashe ragowar. In ya tafi, sai dai mu je Maigatari mu roƙi maƙwabtanmu na tsallaken iyaka, mutanen Faransa, irin abin da muka gada.

Saboda haka ina roƙo: a bar wa Inna zakaranta, a bar wa kowane gari irinsa na asali. In za a gyara jini, a zaɓi nagartattun cikin namu a haɗa kaɗan-kaɗan, kada a shafe. Ladi tana jiran akuyarta, kullum kuma ni take kallo, don ni na ɗauko ja.

Allah ya ƙara maka girma, ya raya maka zuri'a, ya sa ka gama da iyaye lafiya. In ka zo, ka biyo ta gidana, za mu yanka maka jikan jan zakara. Kama shi ba wuya. Na Inna kuwa sai dai ka ji cararsa daga nesa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Baban Ladi.